Inda Aka Kwantar da Miriam

Zacharias tela ne a kasuwar Karu, layin masu yadi, shago na huɗu daga bakin ƙofa. An haife shi a 1966 a wani ƙauye kusa da Zonkwa, ya koyi ɗinki a Kaduna, ya sauka Abuja ranar 3 ga Maris, 2000, da kan keken ɗinki a cikin buhu da 'yarsa Felicity mai shekara huɗu a kafaɗa. Shekara ashirin da huɗu ya yi bai san inda aka binne matarsa Miriam ba, kuma ba abin da ya ci ransa kamar wannan.

A Kaduna, a Tudun Wada suke zaune, suna haya a gidan Malam Saleh mai gyaran rediyo. Miriam da Hadijatu, matar Malam, turmi ɗaya suke daka, igiya ɗaya suke shanya. Da Sallah nama ya shigo ɗakin Zacharias, da Kirsimeti shinkafa ta shiga ɗakin Malam, ba wanda ya ɗauki haka wani abin faɗa.

Ranar Litinin, 21 ga Fabrairu, rikicin shari'a ya ɓarke. Masu so sun yi nasu gangamin, masu ƙi suka fito da nasu, kowane ɓangare yana cewa don Allah yake yi. Da safen nan Miriam ta tafi kasuwa sayen cefane. Kafin azahar hayaƙi ya rufe gari. Malam Saleh ya tura Zacharias da yarinyar ɗakin da yake tara matattun rediyoyi, ya sa kwaɗo ta waje, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna. Kwana uku suka yi a ciki. Ran Alhamis ya fito da su ya raka su har motar sojoji. Miriam ba ta dawo ba.

Zacharias ya bi asibitoci ɗaya bayan ɗaya. Wani ma'aikacin ɗakin gawa ya ce masa waɗanda ba a gane ba an haɗa su an binne a rami guda. A garinsu kuwa kabari ana yi masa siminti, a rubuta suna, a kafa gicciye, duk Disamba dangi su je su cire ciyawa su yi addu'a. Shi ba shi da wurin da zai je. Ya rantse ba zai ƙara taka Kaduna ba.

Daga baya ya ji yadda garin ya rabu, Musulmi suka koma hayin kogi ɗaya, Kirista ɗaya hayin. A Karu ma, ranar da ya fara neman ɗaki, kafin dillali ya nuna masa ƙofa sai da ya tambaye shi coci yake zuwa ko masallaci. Felicity ta girma ta zama nas a Gwagwalada, ba ta taɓa kwana gida ɗaya da Musulmi ba tun daga waɗancan kwana ukun. Zacharias da Malam suna waya sau biyu a shekara, Babbar Sallah da Kirsimeti. Su tambayi iyali, su tambayi kasuwa. Sunan Miriam bai taɓa shiga hirar ba.

A watan Agustan 2024 Tawfiq, ɗan Malam, wanda yake aiki a wata ma'aikatar tarayya, ya kira shi.

"Baba Tela, na kawo Baba Abuja ganin likita. Yana gidana a Lugbe. Ya ce lallai ka zo, kada ka ce sai ka gama ɗinkin mutane."

Ranar Asabar bayan la'asar Zacharias ya isa da ledar lemo a hannu. Ya tarar da Malam a kwance kan katifa a falo, ya rame, idanunsa sun yi fari, ba ya gani. Da jin sallama ya gane muryar.

"Zakariya! Har yanzu kana yi wa mutane alkawarin ƙarya ranar jajibere?"

"Malam, kai fa? Rediyona yana wurinka tun casa'in da tara, kullum sai gobe."

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya ce Tawfiq ya ba su wuri. Ya lalubo hannun Zacharias ya riƙe.

"Akwai maganar da na riƙe maka. Hadijatu, Allah Ya jiƙanta, har ta rasu tana cewa in gaya maka. Miriam ba a ramin nan take ba. Ni na binne ta."

Malam ya ci gaba da magana.

"Ran Talata da safe na same ta a bakin layin masu gawayi, kwandonta na gefe. Na ɗauko ta a baro na shigo ta ƙofar baya. Kana cikin ɗakin nan, taku goma tsakaninku. Na san in ka ji za ka yi ihu, in ka yi ihu kuwa an gama da mu duka. Hadijatu ta yi mata wanka. Muka naɗe ta a farin yadin da na saya don rigar Sallah. Da yamma aka fitar da namu mutum bakwai zuwa maƙabarta, na sa ta a cikinsu. Liman ya tambaya wace ce, na ce ƙanwata ce Maryam. Aka yi mata salla."

"Salla, Malam?"

"Salla. Ba wata hanya. Da na ce Kirista ce, a kwalbati za ta kwana."

"Shekara ashirin da huɗu, Malam. Ina bin asibiti kana ji. Don me?"

"Tsoro. Na ji tsoron ka ce mun kashe ta kuma mun ƙwace ta. Na ji tsoron mutanenmu su ce na yaudari liman na sa wadda ba tasu ba a cikinsu, su tone ta. Da abin ya lafa, kunya ta hana ni. Kowace waya sai in ce a ta gaba."

Zacharias ya zare hannunsa. Ya tashi ya tsaya a bakin taga, yana kallon jirgin da ke sauka can wajen filin jirgi, har ya ɓace. Sannan ya dawo ya durƙusa kusa da kan Malam.

"A ina ne? Wane wuri a ciki?"

"Ta gabas, kusa da katanga. Ka san mu ba ma rubuta suna. Na kafa dutse, ina zuwa duk Juma'a har idona ya mutu. Tawfiq ya je bara ya ce an matsar da katangar, wurin ya cika, ƙasa ta baje. Ko ni aka kai yau ba zan iya nunawa ba. Ka yafe mini, Zakariya."

Abin da ya fito daga bakin Zacharias tambaya ce.

"An rufe mata kai? Ba ta son a ga kanta a buɗe."

"Hadijatu ta ɗaura mata nata ɗankwalin."

Nan Zacharias ya kifa goshinsa a bakin katifar ya yi kukan da bai yi a ɗakin rediyo ba. Malam ya ɗora masa hannu a ka. Kafin Zacharias ya tafi ya ɓare lemo ɗaya ya ba Malam a baki, amma kalmar yafiya ba ta fito ba. Malam Saleh ya rasu ranar 2 ga Satumba, aka binne shi a Abuja, Zacharias yana tsaye a bayan sahu.

A wannan makon ya je Gwagwalada ya sami Felicity ta taso daga aiki.

"Mamanki tana da kabari," ya ce mata.

"Ina, Baba? Mu je."

"A Tudun Wada, cikin Musulmi, ta gabas. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ranar 21 ga Disamba suka shiga motar Kaduna su biyu, shi da fartanya a buhu, ita da littafin addu'a. Mai gadin maƙabartar ya nuna musu ɓangaren gabas, fili mai faɗin taku arba'in. Suka cire ciyawar wurin gaba ɗaya.