Fim Ɗin Ranar Sunana

Ban san fuskar mahaifiyata ba. Ta rasu ina rarrafe, gab da ruwan madatsar Tiga zai ci garinmu, don haka ko kabarinta ba ni da inda zan je in tsaya. Duk wanda na tambaya kamanninta sai ya ce ai ni ne ita. Maganar nan haushi take ba ni. Wa zai dubi gemun nan nawa ya hango mace?

Bayan rasuwar kawuna, wanda ya yi koyarwa a Bebeji kuma ya mallaki kyamara tun yana saurayi, aka tsinci gwangwanin alewa cike da baƙin fim ɗin nan da ake wanke hoto da shi. Goggo, ƙanwar mahaifina, ta tuna har ranar sunana ya ɗauka. Na ɗaga fim ɗin a rana na kasa gane kowa, fuskoki fari fat, haƙora baƙi.

Masu wankin hoto duk sun bar harkar fim. Wani abokina a Tudun Wada ya aro mini tsohuwar sikanar fim, injin da ke fito da hoton fim a kwamfuta, daga ƙarƙashin gadonsa, na ɗauro ta a babur kamar mai jinya. Da na zo haɗawa, kan wayarta ya ƙi shiga laftof ɗina, ya yi wa ramin girma. Na je Kwanar Dangora na samo adafta. Fitila ta kama, sikana ta yi gurnani, laftof kuwa ya yi kamar bai san da zamanta ba. Mai gyara ya ce sai an sa mata direba, wato manhajar da za ta gabatar da ita ga kwamfuta. Da Goggo ta ji, sai ta tambaye ni ina za ta je da har take neman direba. Na yi dariya, amma raina a jagule yake, don na fara tsoron tsufan injin nan zai raba ni da uwata karo na biyu.

Da ƙyar mai gyaran ya lalubo tsohon direban. Ranar da abin ya yi, da hantsi ne, Goggo na gefena a kan tabarma. Hoton ya riƙa saukowa daga sama a hankali: kan tsamiya, jinkar ɗaki, sannan katangar gidan da kifi ke yawo a cikinsa yanzu. Sai ga wata budurwar mace rungume da jariri, tana murmushi. Na matsa har numfashina yana taɓa gilashin.

"Ni ce nan," in ji Goggo a hankali.

Na manta ni ɗan fari ne. Uwa ba ta ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, balle ta tsaya hoto da shi. Na san wannan, a gidana ma haka aka yi. Amma ranar na ji haushin kunyar nan har cikin ƙashina. Na miƙa hannu zan rufe laftof ɗin, Goggo ta riƙe ni, ta ɗora yatsa a can gefen hoton.

Ƙofar ɗaki ce da asabari a sake. Wani hannu da lalle ya ɗan ɗage gefen asabarin, awarwaro ya zame zuwa gwiwar hannun. Goggo ta ce awarwaron mahaifiyata ne, ita ta raka aka sayo shi.

"Leƙenka take yi," ta ce.

Na ƙara girman wurin, na sake ƙarawa, har komai ya tarwatse ya zama ɗige-ɗige. Bayan asabarin duhu ne kawai. Na mayar da hoton yadda yake, na zauna daidai inda uwata take kallo.