Butar Lallen Maƙwabcina

A shekarun da nake sayar da kwanon rufi da kayan gini a Ƙofar Galadima, ina da wani maƙwabci a Kusfa, babban akawu a jami'ar garinmu, reshen Kongo. Can ya ga masu kula da lambun jami'a suna yi wa shuke-shuke aski, wannan ya fito kamar ƙwallo, wancan kamar hula. Ya kwaso cutar ya kawo mana unguwa.

A shagona ya sayi ƙaton almakashin askin. Da ya ce lalle zai dasa a ƙofar gida, na ce, "Malam, a birnin nan shingen da ke kai labari shi ne wanda akuya ba ta ci, mata kuma ba su da aiki da shi. Dasa aguwa."

"Alhaji, tsaya kan kwanonka," in ji shi. "Aguwa ai shingen gona ce. Lalle ke da ƙananan ganye, shi ke karɓar aski."

Ban ja ba, ciniki ya riga ya faɗa.

Shekaru ya yi yana fama. Kullum bayan la'asar yana nan da singileti, ƙyas-ƙyas, ya ja baya ya karkata kai kamar wanzami. Da fari tsuntsu ya nufa. Limamin unguwa ya yi gyaran murya kan siffar mai rai, tsuntsu ya koma butar shayi, har da marfi. Ya kewaye ta da waya saboda awaki. Burinsa ɗaya ne: ranar ɗaurin auren 'yarsa manyansa na ofis su zauna a gabanta a ɗauki hoto.

Biki ya matso, wata rana Malam ya dawo daga aiki ya tarar yayarsa ta ɗage wayar, ita da 'yan matan unguwa, kowa da faifai, suna ta tsigar ganye.

"Yaya! Me ke nan?"

"Lallen amarya mana. Ga shi a ƙofar ubanta, sai mu je kasuwa a yi mana dariya? Matsa can. Allah dai ya yi maka albarka da ka rena mana shi."

Wa ya isa ya hana lallen amarya, balle ƙane?

Ranar ɗaurin aure manyan sun zo. Ɗayansu ya dubi sandunan da suka rage tsirara, ya rataye hularsa a bakin butar, ya tsuguna ya yi alwala a gindinta.

Da muka gaisa da maƙwabcin nawa na riƙe hannunsa na ce, "Malam, an ce dai ƙafar amarya ta yi ja."