Allurar Baba Da Na Bari A Mota

Edita, ina gaisuwa. Lokacin da abin nan ya faru na kammala digirina na uku ke nan a Kuala Lumpur, muna zaune ni da maigidana a Sri Petaling. Tun ina ƙarama ake yabona da tsari, ko takarda ce ta ɓata a gidanmu ni ake tambaya, kuma yabon ya shiga kaina. Shi ya sa da Baba ya zo daga Kano don bikin yaye mu, na karɓi ragamar komai nasa, har allurar ciwon suga da yake yi wa kansa safe da yamma. Dattijo ne da ba a musa masa magana, kuma bai taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi. Saura mako guda a yi bikin, na ce sai na kai shi ya gani.

Muka kama hanyar Port Dickson, wani gari na bakin teku, mu uku. Na sa jakar allurar a aljihun gaban mota, da niyyar in ɗauka idan mun isa. Muna isa Baba ya naɗe ƙafar wandonsa ya shiga ruwa har ƙwauri yana dariya, ni kuma ina ta ɗaukar hoto ina tura wa 'yan'uwa. Sai bayan la'asar na tuna. Motar ta wuni a rana, sitiyarin ma ba ya taɓuwa. Na san sarai zafi yana kashe ƙarfin maganin nan. Amma na ɗaga shi na ga ruwan bai sauya kala ba, sai na zura shi a firjin masauki na ja bakina na yi shiru. Kunya ce ta hana ni magana, wai a ce mai digiri uku ta kasa riƙe jaka ɗaya.

Washegari Baba ya wuni yana shan ruwa yana zaryar bayan gida, muka ce zafin bakin teku ne. A rana ta uku da hantsi leɓensa ya bushe, jikinsa ya saki, ya tambaye ni ranar bikina sau uku a zama ɗaya. Na ɗauko na'urar gwajin suga na gwada shi, ta kasa nuna lamba, abin ya wuce iyakarta. Maigidana ya ce mu haɗa kaya mu koma Kuala Lumpur, inda muka san asibiti. Baba kuma ya ce ba za a kwantar da shi a ƙasar mutane ba, tunda ko allura ɗaya bai tsallake ba. Na dube su, na ga dukansu suna yanke shawara ne a kan abin da na ɓoye musu. Sai na durƙusa a gabansa.

"Baba, allurar da kake yi tun shekaranjiya ba ta aiki. Ni na bar ta a mota ta wuni a rana. Ka yi mini faɗa yadda kake so, amma a asibiti za ka yi shi, kuma yanzu za mu tafi."

Ban taɓa yi masa magana haka ba a rayuwata. Ya miƙa wa maigidana hannu ya tashe shi.

Ban san ko'ina a garin ba. Akwai wata dattijuwa Bamalayiya mai sayar da ruwan kwakwa a bakin masaukin, wadda nake gaisarwa da ɗan yarensu da na tsinta a kasuwa. Na ruga wurinta na yi mata bayani. Ta ce kada in ɓata lokaci a ƙananan asibitocin cikin shaguna, domin tura mu gaba za su yi, mu wuce babban asibiti ɓangaren gaggawa. Ta kwatanta mini hanya har sau biyu. Na kwashi fasfo ɗin Baba da kwalayen magungunansa da na'urar. A gaban likita ban rage komai ba, na faɗi awa nawa maganin ya yi a mota da allura nawa aka yi da shi. Likitar ta ce wannan bayanin ya rage musu lalube. Nan take aka sa masa ƙarin ruwa da sabon magani.

Kwana uku ya yi a kwance. Da Mama ta kira daga gida hankalinta a tashe, ina jinsa ya ce mata, "Ita ta yi kuskuren, ita ta gyara. Kada wanda ya ƙara tayar mata da zancen." Ranar biki ya zo da babbar rigarsa, filasta na manne a bayan hannunsa, ya tsaya da ƙafarsa aka yi mana hoto.

Har yau idan na tuna kwana biyun da na yi shiru sai in zargi kaina. Amma ina alfahari da durƙuson nan fiye da takardar da aka miƙa mini, domin ya fi ta wuyar samu. Ina kira ga duk mai fita da iyayensa yawon buɗe ido a ƙasar zafi: magani ya zauna a jikinka cikin sanyi, ba a mota ba, kuma tun kafin ka sauke kaya ka tambayi mutanen gari inda babban asibiti yake. Idan kuma ka yi kuskure a kan lafiyar wani, ka faɗa a ranar. Kunyar taka ce, amma jikin da zai ɗauki wahalar ba naka ba ne.