Notin Da Na Ɗaure Da Yatsu

Warin baƙin mai ba ya damun kowa a garejin nan na Jega sai ni. Kanikawa suna cin abinci da hannun da suka taɓa shi, ni kuwa da ya bugi hancina sai in ji kamar an kira sunana gaban alƙali. Wata uku na yi ina zarya wurin, ina tayar da tsohuwar jif ɗin mahaifina. Bari in gaya maka wanda ya kwantar da ita tun farko.

A Jiga Birni na tashi, gidan manoman albasa. Motar nan ba kyakkyawa ba ce. Koriya ce mai rufin tamfol, ƙofa ɗaya da igiya ake ɗaure ta, in ta tashi kuwa kaji sai sun bar tsakar gida. Amma tayoyinta huɗu duka suna ja. Idan damina ta yi nisa, hanya ta koma taɓo, manyan motoci suka tsaya Aliero suna jira, ita ce ke fitar da albasar da aka adana tun rani. Mai naƙuda ma ita ake kira wa, haka mai karaya.

Mahaifina ba ya yarda kowa ya taɓa ta sai amininsa, wani bakanike a Jega. Tare suka yi karatun allo. In ya zo gidanmu kwano ɗaya suke ci, kakata na tsokanarsa wai hannunsa ya fi gindin tukunyarta baƙi. Mu yara Baba muke ce masa.

Ina da shekara goma sha ɗaya kakata ta ba ni ɗan rago. Ina son ragon nan fiye da wasu 'yan'uwana, kuma sun sani. Sai ƙazwa ta kama shi, gashinsa na zuba. Kakata ta ce baƙin mai ake shafawa, irin wanda ake shafa wa ginshiƙan rumfa don gara. To, ranar Alhamis Baba ya yi wa motar juyen mai a Jega, tsohon man kuma can aka bar shi. Ni kuwa na taɓa ganin notin da yake kwancewa a ƙarƙashin injin.

Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, na ɗauki sifana da gwangwanin madara na kutsa ƙarƙashin motar. Da ƙyar notin ya motsa. Man ya kwararo har hannun rigata, ashe ma ba baƙi ba ne, sabo ne. Na mayar da notin na murɗa da yatsu, sai na ji motsi a zaure. Na watsa ƙasa kan wanda ya zube na gudu. Ban koma da sifana na ƙarasa ba.

Washegari aka yi lodin albasa. Sun wuce Aliero kaɗan injin ya buga. Mahaifina ya leƙa ƙasa, babu noti, babu mai. Ƙanensa da ke tare da shi ne ya ba mu labari: daga nan garejin suka wuce, a gaban direbobi mahaifina ya ce, "Kai na amince ma, kab bar man noti sake?"

Baba ya ce, "Na ɗaure shi."

Ina zaune ina jin wannan labari. Na ce gobe zan faɗa. Direbobi suka daina kai wa Baba mota, don wa zai ba da injinsa ga wanda amininsa ma ya tsira da ƙyar? Kafin wata damina ya kwashe iyalinsa ya koma Maiyama. Motar aka jawo ta gida, ta zauna gindin dalbejiya, kaji suka mayar da ita akurki. Ragon ya warke sarai.

Na yi sakandare, na yi aure, na haifi 'ya'ya, ban faɗa ba. Da mahaifina ya rasu bara waccan, 'yan'uwa suka ce a sayar wa 'yan gwangwan. Na hana, na ce zan tayar da ita. Mutane suka yi ta sa min albarka, wai ga ɗan da bai manta ubansa ba. Kowace albarka sai in ji ta kamar mari.

An yi waldar ƙasanta da tsatsa ta cinye, an samo inji, an ɗinka sabon tamfol, an fesa koren fenti. Abu ɗaya ya gagari samarin garejin: ƙaramar giyar nan da ke sa tayoyin gaba su ja. Sai maigidansu ya ce akwai wani tsoho a Maiyama, shi kaɗai ya rage da ya san cikinta.

Na same shi ƙofar gida yana gyaran injin ban-ruwa, idonsa ya yi rauni. Da muryata ya gane ni, wai irin ta mahaifina ce. "Ɗan aminina! Kai na?" Ko ruwa bai bari na sha ba ya sa hula muka taho.

Da lalube ya gyara giyar, kafin la'asar. Sannan ya ce a shimfiɗa masa buhu. Tsoho mai wannan shekaru ya kwanta ƙarƙashin mota, ya sa sifana ya ɗaure notin man, ya huta, ya sake ɗaurewa.

"Tun rannan sau biyu nika ɗaure kowane," ya ce daga ƙasa. "Da hwarko ina ta rantsuwa na ɗaure shi. Daga baya nac ce, halan dai ni na, ɗan Adam da mantuwa. Na so in zo in roƙi babanka gahwara, kumya ta hana ni har yab bar duniya."

Na durƙusa a ƙasa cikin fararen kayana. Na ce, "Baba, kun ɗaure shi. Ni na kwance." Na faɗa masa duka, har ragon.

Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa.

"Shi babanka, ya sani?"

"A'a, Baba."

"To."

Na ce in mayar da shi gida cikin motar. Ya ce kabu-kabu ya ishe shi, ya ɗaga wa mai babur hannu. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

Yanzu motar na tashi da bugu ɗaya. Yara na bin ta suna ɗaukar hoto da waya, tsofaffi na shafa ta suna yi wa mahaifina addu'a. Babu taɓon da ke tsayar da ita, hanyar Maiyama kuwa kwalta ce. Sau biyu ina kaiwa bakin garin, in ga rufin gidajensu, in juyo.