Kwalbar Alawa a Sallar Fari

Sallar da fari ya fi tsanani, gidanmu a Zinder babu abin da za a miƙa wa yaro sai kwalbar alawa guda. Maƙwabciyata ce ta kawo mini, Kirista, ma'aikaciyar asibiti, ta ce in fita kunyar masu yawon salla.

Ba yaran unguwa ne damuwata ba. Bayan gidajenmu akwai mutanen da yunwa ta koro daga ƙauyukan Damagaram Takaya, sun kafa bukkoki. Yaransu ba sa shiga gida sai kowa ya watse, kuma wanda ya zo ƙarshe hannu wofi yake komawa. Na rantse bana ba a ƙofata ba.

Na ɗauko faranti zan juye in ƙirga, surukata ta riƙe mini hannu. A wurinta abin da za a ci ba a ƙirga shi, albarka ke gudu. Ba a musu da tsohuwa daren salla.

To, lokacin ina zuwa lakwal, wato makarantar boko, ajin manya, da furfurata, ana yi mini dariya a bakin famfo. Mushe, malaminmu, ya koya mana lissafin ninkawa. Na ɗaga kwalbar, na leƙa gindinta: wajen sha biyu ke kwance a ƙasa. Na bi gefe da farce, hawa tara. Sha biyu sau tara, na zubar da kaɗan saboda wuyan kwalbar ya tsuke. Ɗari, ko kusa. Sai na bi gidaje da bukkoki a kaina, kowane na ba shi yara huɗu. Sun kusa ninka alawar.

Surukata tana kallona, ta tambaya me nake gunaguni.

Na ce, "Inna, ko murfin ban taɓa ba."

Da safe na kifa turmi, na zauna da wuƙa. Duk wanda ya yi barka da salla, in fasa alawa biyu in ba shi ɓari. Yaran unguwa suka yi ta tsiya, wai wuƙar Gwaggo ta fi ta mahauci aiki. Wata uwa ta biyo ɗanta, tana tambaya ko lakwal ce ta koya mini rowa.

Na ce, "Ta koya mini. Gidanki me kika ba nawa yaran?"

Ta ja ɗanta.

Da azahar kwalbar ta yi ƙasa fiye da yadda na so, amma ban canza hannu ba. Bayan la'asar yaran bukkoki suka zo, suka jeru jikin bango. Na kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karɓi ɓarinsa. Saura wata mai goyon ƙanenta, kwalba kuwa sai ɓarɓashi. Na zuba ruwa, na girgiza sosai, na miƙa mata. Ta sha, ta kwanto ƙanen, ta ba shi sauran.