Shaidar Mai Cin Tuwo a Kasuwa

Ni da ɗan baffana muka yi shari'a a Malumfashi a kan wani zirin gona da faɗinsa bai fi taku goma ba. Gonar kakanmu ce a hanyar Kafur, aka raba wa iyayenmu, aka dasa gamba a tsakani ta zama iyaka. Da gambar ta mutu, kowa ya nuna inda ya ga dama. Ni na san inda take sarai, don na sha yankan ta ana zana da ita. Amma ƙasar wurin baƙa ce, masara na son ta, ni kuma ina da wani mugun hali: in na ce e, ko za a yanka ni ba na komawa a'a.

Babban shaidar ɗan baffana wani dattijo ne, maƙwabcin gonar, abokin mahaifina tun suna samari. Baba muke ce masa. Ba shi da wata dukiya sai mutuncinsa. A ƙauyenmu in ya ce ya gani, magana ta ƙare. Shi ake kira rabon gado, shi ake sawa gaba wajen neman aure.

Ya tsaya gaban alƙali ya faɗi inda gambar take, daga gindin ɗorawa zuwa suri, bai kauce ko taku ɗaya ba. Alƙali ya juyo gare ni.

"Malam, kana da suka a kan wannan shaida?"

Na ɗan taɓa karatun zaure, ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne. Na taɓa ji a darasi cewa mai cin abinci a tsakiyar kasuwa ya zubar da mutuncinsa, ana iya ƙin shaidarsa. Kwana uku na yi ina wasa wannan wuƙa.

"Allah ya gafarta Malam, ina da suka. A tambaye shi, ina yake cin abinci ranar kasuwar Kafur?"

Baba ya dube ni kamar bai gane ni ba, sannan ya ce, "A rumfar mai tuwo."

Na ce, "A kan benci, jama'a na wucewa suna kallon ka?"

"Haka ne."

"Da safe fa?"

"Koko da ƙosai, a bakin tasha."

Wani ya yi dariya daga baya. Wallahi dariyar nan ta yi mini daɗi, har na gyara zaman hulata. Wannan ne abin da ya fi ba ni kunya har yau.

Alƙali ya ce, "Dattijo, me ya sa ba ka ci a gida?"

Baba ya daɗe yana murza bakin rigarsa. "Mai ɗakina ta rasu bara waccan. 'Ya'yana mata suna gidajen mazansu, namijin yana kudu. Ni kuma ban iya tuƙa tuwo ba." Ya nuna ni da haɓa. "Ai shi ya sani. Da shi aka ɗauki makarar."

Da ƙasa za ta tsage, da na shige. Alƙali ya ce shi bai taɓa jin inda yunwa ta hana mutum zama adali ba, ya karɓi shaidar, ya ba ɗan baffana gonarsa. Na fito ba ga tsuntsu ba ga tarko, kuma ko sau ɗaya ban yi baƙin cikin gonar ba.

Na yi ta shirin zuwa neman gafara, kullum sai in ce gobe. Bayan mako biyu na shiga kasuwar Kafur sayen taki, na hango Baba a rumfar mai tuwon. Bai zauna a benci ba. Ya sa aka ƙulla masa a leda, ya waiga dama da hagu, ya tura ta cikin aljihun babbar rigarsa. Na bi shi daga nesa. Ya zaga bayan shagunan hatsi, inda masu shanu ke ɗaure dabbobi, ya tsugunna ya fuskanci bango. Mutum mai shekara sama da saba'in yana cin tuwo da sauri, yana kare ledar da hannun riga.

Taku goma ne tsakanina da shi, ko ma bai kai ba. Na san in na yi sallama zai ɓoye ledar, ya rasa ko wannan tuwon. Sai na juya a hankali, na bar shi ya ƙarasa.