Awon Numfashi a Bayan Zana

Ranar Talata ce, cikin kakar 1977. Ƙarfe bakwai na safe ɗana Maharazu ya shigo gidana a Ƙanƙara da takarda mai shafi goma sha biyu. Shi ne na ukku a 'ya'yana, likitan ƙirji a Zariya, shekarunsa talatin da ɗaya. Wata takwas ya yi yana auna numfashin manoman auduga a ƙasar Faskari da Sabuwa da wata na'ura mai bututu: mutum ya hura da dukkan ƙarfinsa, allura ta nuna lamba. Abokiyar aikinsa, Dokta Lidiya, ita ke yin lissafin. Takardarsu ta ce huhun mazan Ruwan Godiya ya fi na ko'ina rauni. Ran Alhamis za a aika da ita wata mujallar likitoci a ƙasar waje.

"Baba, ka duba mini Turancin," in ji shi. Na koyar da Turanci shekara ashirin. Gyara huɗu na samu.

Ƙarfe tara ya ce in raka shi Ruwan Godiya a sabuwar Fijo ɗinsa, akwai mutum shida da bai auna ba.

Sha ɗaya muna ƙofar gidan mai gari, dattawa na zaune kan tabarmi. Aka kira wani manomi, Rabo, wanda a kan idona ya sauke buhu biyu daga jaki. Ya hura. Allura ta ɗan motsa ta tsaya.

Maharazu ya ce, "Malam Rabo, ka sauke buhu ko haki ba ka yi, wannan ce hurawarka?"

Rabo ya sunkuyar da kai. Wani tsoho, Baba Mati, ya fashe da dariya.

"Likita, kai ma dai! Ɗiyata fa yake aure. A gabana zai kumbura kumatu kamar mai algaita?"

Maharazu ya miƙe tsaye da bututun a hannu. Ya tambayi mazan da ke jira wa ke da suruki a kan tabarmin nan. Kusan duk suka kau da kai. A sauran garuruwa cikin ɗakin shan magani ya yi awo, mutum ɗaya bayan ɗaya. Nan kaɗai ya yi a fili.

Sha biyu aka kafa zana a bayan masallaci. Rabo ya shiga ya hura. Lambarsa ta tashi daga ɗari biyu da tamanin zuwa ɗari biyar da casa'in. Daga inda nake na ji muryar ɗana: "Sake, don Allah! Sake!"

Kafin azahar layi ya kai bakin rijiya. Waɗanda aka auna watannin baya duk suka dawo, ana ta tsiya.

"Gide, ashe da numfashi a jikinka? Mun ɗauka matarka ta karɓe!"

"Bari in fito ka ji tawa, raggo!"

Baba Mati ma ya shiga, ya fito ya ce kada a faɗa wa Rabo lambarsa. Zuwa la'asar an auna mutum arba'in da ɗaya, duk a sabon littafi.

A hanyar dawowa bakin Maharazu bai huta ba.

"Baba, saura kwana biyu mu faɗa wa duniya ƙarya!"

Na ce, "Takardarka fa ta rushe."

"Ta rushe, alhamdu lillahi! Wadda za mu rubuta ta fi ta."

Bayan magariba ya ci tuwo malmala biyu, yana ba mahaifiyarsa labarin Rabo.

Laraba da sassafe ya kama hanyar Zariya don ya tsayar da takardar. Tankar mai ta same shi bayan Funtuwa. Da la'asar muka binne shi. Jakarsa ta dawo, littafin na ciki.

Ban da ni, ba wanda ya san takardar kuskure ce. Alhamis da asuba na bar zaman makoki, na shiga mota. An yi magana a gari, na sani. Ƙarfe goma na sami Dokta Lidiya a ofis, ta rufe takardar a ambulan, ta ce za ta aika don tunawa da shi. Na miƙa mata littafin. Ta karanta a tsaye, sannan ta sa ambulan a aljihun tebur.

Ita da kanta ta koma Ruwan Godiya ta ƙarasa awon. Sabuwar takardar ta fito bayan shekara biyu da sunayensu su biyu. Ta rubuto mini cewa masu bincike goma sha bakwai sun ambace ta, kuma a wurare da dama yanzu ba a auna mutum a gaban jama'a.

Littafin yana wurinta. Littattafan karatunsa kwali huɗu na ba ɗalibansa. Tufafinsa an raba wa ƙannensa bayan arba'in. Farar rigarsa ta aiki mahaifiyarsa ta wanke ta ajiye, ban tambaye ta inda ta sa ba.